Fitilar tankin kifin zinare: awa nawa, ƙarfi nawa, wane launi?

Wanda ya sayi tankin gilashi ya zuba kifin zinare, abin da ya fi tambaya a shago shi ne wace fitila ce ta fi haske. A ganina tambayar ta zo a baibai. Wannan kifi ba ya buƙatar haske mai ƙarfi, kuma ba zai rasa lafiya don fitilarsa mai araha ce ba. Abin da jikinsa ke nema shi ne rana da dare masu tsari: haske matsakaici ya zo a kan lokaci, ya tafi a kan lokaci, sannan a bar shi cikin duhu na gaske ya huta. Lissafin launi da na ƙarfi da na irin ƙwan fitila duk a kan wannan ake ɗora su, kuma ba za a gane dalili ba sai an fara da idon kifin kansa.

Kifin zinare ba shi da fatar ido, don haka ba shi da halin runtsawa. Ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar idonsa ma ba ta tsukewa nan take idan haske ya yi yawa. Gyaran yana faruwa ne can cikin ido, inda ƙwayoyin da ke karɓar haske ke matsawa gaba da baya a hankali, wasu baƙaƙe suna rufe su ko suna janyewa, aikin da kan ci kusan rabin awa. Ka leƙa tanki da tsakar dare da ɗan haske daga nesa, za ka tarar da kifin ya sauka kusa da tsakuwa ya tsaya cak, kansa ya ɗan sunkuya, fikafikan gefe na kaɗawa sannu-sannu, jan jikinsa ya ɗan koɗe. Barci yake yi, ido buɗe. Idan a wannan hali aka danna makunni, haske ya faɗo masa gaba ɗaya, sai ya lanƙwashe ya zabura, ya bugi gilashi ko dutsen ado, wani lokaci har ɓawon jikinsa ya ɓantare. Tamkar mutumin da aka dalle wa fuska da tocila yana tsakiyar barci ne, sai dai shi mutum yana da fatar ido, yana da bargon da zai ja.

Ga kuma wani abin da ba kowa ya sani ba: wannan kifi ya fi mu ganin launi. Idon ɗan Adam yana aiki da ƙwayoyin launi iri uku, na ja da kore da shuɗi. Na kifin zinare huɗu ne, na huɗun yana ganin hasken da ke gaba da shunayya, wato UV, wanda mu ba ma gani sam. Christa Neumeyer ta Jami'ar Mainz da ke Jamus ta tabbatar da haka a binciken da ta wallafa a 1992, bayan ta koya wa kifayen bambance launuka da ladan abinci. Saboda haka shuɗin nan da wasu fitilu ke bari a kunne duk dare da sunan hasken wata, mu ne yake yi wa kama da duhu, shi kifin yana ganin sa sarai. A tsakiyar kansa kuma akwai wata 'yar halitta mai jin haske kai tsaye, wadda ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi, shi ke sanar da jiki cewa dare ya shiga. Kifin da aka hana duhu an rikita masa wannan agogo, kuma kifin da ke cikin takura kullum shi cuta ta fi saurin kamawa. Shuɗin dare, idan ana sha'awar sa, awa ɗaya bayan kashe babbar fitila ta isa. Fitilun nan masu walƙiya suna canza launi daga ja zuwa kore zuwa shunayya kuwa, ban ga wurinsu a kan halitta mai rai ba.

Hasken kuma daga sama ya kamata ya zo. Kifi yana gane sama da ƙasa da abubuwa biyu, cikin kunnensa da kuma inda haske ke fitowa, shi ya sa yake juya bayansa ga haske. Idan fitila mai ƙarfi tana gefe, ko an nutsa ta a ƙasan ruwa tana haskowa sama, ana iya ganin kifi yana iyo a ɗan karkace alhali lafiyarsa ƙalau.

Tarihinsa ma yana ƙara haske a kan batun. A ƙasar Sin aka horar da shi daga wani kifin ruwan daɗi mai launin toka-toka, kuma zuwa zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, kiwonsa a tafkunan gida ya kafu. A zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, aka koma ajiye shi a manyan kwanonin tangaran ana kallon sa daga sama. Tankin gilashi da ake kallo ta gefe baƙo ne, ya bazu ne a Turai bayan an buɗe gidan kifi na gidan namun daji na Landan a 1853, fitilar lantarki kuwa ta zo daga baya. Ke nan ɗaruruwan shekaru kifin ya yi a ƙarƙashin ranar da ke fitowa a hankali ta faɗi a hankali, da inuwar ganye da ta katanga. Cikin irin da aka samar saboda kallon sama akwai wanda idanunsa suka juya suna duban sama dindindin, akwai mai idanu a turo waje, akwai mai jakar ruwa a ƙarƙashin ido. Na farkon nan, fitila tana daidai cikin idonsa duk tsawon yini. Masu irin waɗannan, da kuma zabiya mai jan ido, su rage haske sosai, su kuma tanadi inuwa.

To awa nawa? Tankin da ba shi da tsiro mai rai, awa 6 zuwa 8 sun wadatar. Mai tsiro, 8 zuwa 10. Kada a wuce 12, wanda shi ne kusan tsawon yini a wuri kamar Kano, inda rana ke kaiwa tsakanin awa 11 da rabi zuwa kusan 13 gwargwadon lokacin shekara. Ba dole ne awannin su fara da asuba ba. Idan mutanen gida sun fi zama da yamma, a kunna da ƙarfe 1 na rana a kashe da ƙarfe 9 na dare, hasken da ke shigowa ta taga da safe ya zame wa kifin kamar ketowar alfijir. Muhimmin abu shi ne yau da gobe da jibi su zama lokaci ɗaya. A kunna fitilar ɗaki ko a ɗaga labule minti 15 zuwa 20 kafin a kunna ta tanki, da dare kuma a fara kashe ta tanki a bar ta ɗaki ta ɗan jima. Idan tankin yana falo ne inda ake kallon talabijin har sha biyun dare, a rufa masa baƙin ƙyalle ta gefen da haske ke bugowa, a bar sama a buɗe don iska.

Nan ne batun wutar lantarki ke shigowa, kuma ga mai kiwo a ƙasashenmu shi ne rabin matsalar. Abin da ya fi cutar da kifi shi ne a bar makunni a kunne bayan an ɗauke wuta, a kwanta barci, sai ƙarfe 2 na dare a kawo ta fitila ta dallare tanki har gari ya waye. Maganin da aka saba bayarwa shi ne agogon nan da ake sakawa a soket yana kunnawa yana kashewa da kansa. Amma iri biyu ne. Mai faifan da ke juyawa, da wutar soket yake tafiya, da an ɗauke ya tsaya, idan aka kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, cikin mako guda sai ka tarar yana kunna fitila da tsakar dare. Mai lambobi da ƙaramin batir a ciki shi ke riƙe lokaci ko da babu wuta, shi za a nema. A kuma duba rubutun jikin kaya, musamman na gwanjo: wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kayan da aka yi don can kawai zai ƙone a nan. Fitilun LED da yawa da bolt 12 ko 24 suke aiki ta hanyar adafta, don haka mai bolt 12 tana iya tafiya da batirin sola idan wanda ya san aikin ya haɗa ta. Idan kuwa wutar inbata ba ta isa komai da komai ba, famfon iska da matatar ruwa su ne gaba, fitila ce ta ƙarshe. Kifi zai yi kwanaki da hasken taga kaɗai babu abin da ya same shi, amma awanni kaɗan ba iska a lokacin zafi suna iya kashe shi.

Ƙarfin haske ba da wat ake auna shi ba, duk da cewa shi aka saba tambaya. Wat yana nuna wutar da fitila ke sha ne. Hasken da take fitarwa lumen ke nuna shi. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da lumen 700 zuwa 800, LED mai wat 8 ko 9 tana ba da kwatankwacin haka. Kamfanin Tropica na ƙasar Denmark, wanda ya yi suna wajen noman tsiron tanki, yana ba da ma'auni mai sauƙi: lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita don tsiro marasa wahala, 20 zuwa 40 ga matsakaita, sama da 40 ga masu wuyar sha'ani. Tankin kifin zinare a rukunin farko yake, kuma a ƙasa-ƙasan rukunin. Ɗauki tanki mai tsawon santimita 90, faɗi 35, zurfi 40. Ninka su ka raba da 1,000, ka samu lita 126. Lumen 1,300 zuwa 2,500 ke nan, wato LED mai wat 13 zuwa 25 idan tana ba da lumen 100 ga kowane wat. Mai wat 15 da ke aiki awa 8 a rana, abin da za ta sha a wata bai kai yunit 4 a mita ba. Idan tankin ya yi zurfi, ya haura santimita 50, a ɗan ƙara, domin haske yana raguwa da nisa, ruwan kifin zinare kuma ba ya rasa ɗan gurɓata. Tsawon fitilar ya kusa kai tsawon tankin don kada tsakiya ta yi tarwai gefe ya yi duhu. Idan kuɗi zai ƙaru a kan wani abu ɗaya, ni dai a kan maɓallin rage haske zan ƙara shi, ko kan irin da ke tashi a hankali ta mutu a hankali. Fitilar da ta yi ƙarfi da yawa ana iya rage ta, wannan ya fi sake sayen wata.

Me ya sa nake ta jan kunne kan haske mai yawa? Saboda gansakuka. Ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya yin kore banza. Kifin zinare maci ne, ba shi da tumbi na gaske, abinci wucewa yake yi ta hanji, ga shi jikinsa babba, don haka ƙazantarsa ta fi ta yawancin kifayen ado. Yana fitar da amoniya, bakteriyar da ke zaune cikin matata su mayar da ita naitirait, daga nan su mayar da shi naitiret. Naitiret ɗin nan da fosfet na ragowar abinci taki ne. Taki yana nan a ruwa kullum, abin da gansakuka ke jira kawai haske ne. A tankin da aka cika da tsiro masu saurin girma, su ke rige ta shan takin, amma kifin zinare ba ya barin irin waɗannan tsiro su yi ƙarko, cinye su yake yi. Saboda haka duk hasken da ya wuce buƙata, gansakuka aka ba.

Ita ma iri-iri ce, kuma kowace tana faɗin wani abu. Mai ruwan ƙasa da ke kwantawa kamar ƙura a gilashi da duwatsu, ta sabon tanki ce, takan wuce da kanta bayan wasu makonni. Ɗigo-ɗigon kore masu tauri a jikin gilashi, da mai zare-zare, suna nuna haske ya yi yawa ko ya daɗe. Ruwan da ya rikiɗe kore gaba ɗaya har ba a ganin kifi, yawanci rana ce ke bugun tanki kai tsaye. Canjin ruwa kaɗai ba ya kawar da wannan na ƙarshen, cikin kwana biyu ya dawo. Sai an lulluɓe tankin ya yi kwana uku a duhu, famfon iska na aiki, an rage abinci, sannan a canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan a dawo da haske awa 6. Akwai kuma na'ura mai ƙwan UV da ruwa ke ratsawa ta cikinta, tana kashe koren ruwa. Wannan ba fitilar haskawa ba ce, a rufe take ruf, kuma bai halatta haskenta ya taɓa kifi ko idon mutum ba.

Amma kada a ɗauki gansakuka a matsayin abokiyar gaba ta har abada. Kifin zinare yana kiwo a kanta, yana tsattsaga ta duk yini, kuma tana yi wa cikinsa amfani. Masu kiwon irin da ake kira ranchu a Japan da gangan suke rainon sa a koren ruwa. Barin bangon baya na tanki ya yi ɗan kore, a riƙa goge gilashin gaba kawai, dabara ce mai kyau. Haɗarin koren ruwa mai kauri da dare yake, lokacin da gansakuka ta daina fitar da iskar oksijin ta koma shan ta tare da kifi.

Sai launin hasken, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K a jikin kwali. Lambar ba zafin fitila take nufi ba, ba kuma ƙarfinta ba. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ruwan ɗorawa, yana sa ruwa ya yi kamar ya tsufa, farin kifi ya yi kamar ya yi dauɗa. 5500K zuwa 6500K shi ne mai kama da hasken rana tsaka, shi ya dace. Daga 10000K zuwa sama shuɗi ne, an yi shi don tankin ruwan teku mai murjani, a ƙarƙashinsa jan kifi dusashewa yake yi. Akwai wani abu kuma da lambar K ba ta faɗa. Farar LED ta yau da kullum asalinta shuɗiya ce, aka shafa mata wani sinadari mai mayar da sashen shuɗin ruwan ɗorawa, haɗuwarsu ta ba da fari. Ƙirƙiro shuɗiyar LED ɗin ce ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Irin wannan fari, idan na mai araha ne, ja ya yi masa ƙaranci, kuma abu ba ya bayyana ja sai hasken da ya faɗa masa yana ɗauke da ja. Shi ya sa kifin da ya yi jawur a shago yakan zo gida ya koma kamar an wanke shi. A nemi fitilar da aka rubuta CRI 90 ko fiye a jikinta (CRI ma'aunin yadda fitila ke fito da launin abu ne yadda yake), ko wadda aka cakuɗa wa 'yan jajayen ƙwayoyi a tsakanin fararen. Gwajin ma ba wuya: ka riƙe tattasai ja a ƙarƙashinta a shago. Idan ya fito jawur da sheƙinsa, kifinka ma haka zai fito. Idan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ajiye ta.

Wannan batun yadda ido ke ganin kifin ne. Launin jikinsa na ainihi kuwa, rabon fitila a ciki kaɗan ne. Gaskiya ne kifin da ya yi watanni a duhu yana koɗewa, kuma wanda ke tafkin waje ya fi na ɗaki cikar launi. Amma ja da ruwan lemo daga abinci suke zuwa, daga sinadaran da ke cikin gansakuka da ƙananan jatan lande, kifi ba ya ƙera su da kansa, sauran kuma gado ne. 'Ya'yan kifin zinare da launin ƙasa-ƙasa ake ƙyanƙyashe su, sai bayan watanni su juye. Baƙin kifin nan mai idanu a turo waje yakan rikiɗe ruwan lemo idan ya manyanta, musamman a ruwa mai ɗumi, kuma babu fitilar da za ta dawo da baƙinsa.

Zafi shi ne abin da littattafan Turai kan wuce da sauri, mu kuwa dole mu tsaya a kai. Kifin zinare na ruwan sanyi ne, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 23 a ma'aunin Salshiyos. Yana jure fiye da haka, amma da wahala, domin ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa 7 da rabi, alhali a zafi ne jikin kifi ya fi buƙatar ta. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40, ruwan tanki a ɗaki ya riga ya kai maƙura tun ba a kunna komai ba. Ƙwai mai zare kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi yake zama, don haka ba shi da gurbi a nan. Dogon ƙwai, wato T8 mai kaurin milimita 26 da T5 mai 16, ya yi wa masu kiwo aiki shekaru da yawa, amma yana ɗumama ruwa a ƙarƙashin murfi, haskensa na raguwa tun bai mutu ba, akwai zaiba a cikinsa, kuma tun 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbi kasuwarta. LED ce ta rage, ita ma tana ɗaukar zafi ta bayanta. A ɗaga ta santimita 10 zuwa 15 sama da ruwa, a maye gurbin rufaffen murfi da raga, a lokacin bazara kuma a matsar da awannin haske zuwa yamma. A saka ma'aunin zafi a ruwa, a duba kafin kunnawa da kuma dab da kashewa, nan za a san abin da fitilar ke ƙarawa. Tanki a bakin taga inda rana ke faɗawa kuwa, a kowane wata na shekara kuskure ne.

Tsiron da ke tsira daga bakin kifin zinare su ne masu taurin ganye, kuma an yi sa'a su ne marasa son haske. Anubias na gaba. Ɗan Afirka ne, yana fitowa a bakin ƙoramun dajin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, a manne da duwatsu cikin inuwa. Idan aka sa shi daidai ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, sai ka ga gefen ganyen ya fara yin baƙin gashi-gashi, a hankali ya bi jijiyoyin ganyen ya rufe shi, domin tsiron a hankali yake girma, gansakuka ta fi shi sauri. A ɗaure shi da zare a jikin dutse a gefen tanki, kada a binne kaurin gindinsa. Akwai wani mai dogon ganye daga kudu maso gabashin Asiya da ake kira da sunan tsibirin Java, shi ma haka ake yi masa. Kainuwa tana ba da inuwa mai kyau, tana kuma shan naitiret sosai, sai dai kifin yana cin saiwarta, kuma tana son haske fiye da sauran. Wadda aka ɗebo daga kududdufi kada a jefa ta kai tsaye, a wanke ta a ajiye ta a bokiti daban na makonni, saboda ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙwari.

Ruwa da wuta kuma ba a wasa da haɗuwarsu. Ka ɗaga murfin tanki da safe, za ka ga raɓa ta taru a cikinsa tana ɗiga, ga feshin da kumfar famfon iska ke watsawa yana barin farin gishiri a jikin fitila. A nemi wadda aka rubuta IP67 ko IP68, ta farkon tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. A bar waya ta sauka ƙasa da soket sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. A zare fulogi kafin a sa hannu a ruwa.

Sabuwar fitila a fara ta da awa 6 a rabin ƙarfinta, a zuba ido mako biyu. Idan tsiro na fitar da sabon ganye gilashi kuma bai yi kore ba, a ƙara awa ɗaya. Idan gansakuka ta taso, a rage awa ɗaya, kada a canza awanni da ƙarfi da abinci a lokaci guda, don a san wanne ne ya yi aiki. Kifin da ke maƙalewa a lungu muddin fitila na kunne, ya fito yawo da an kashe ta, haske ne ya yi masa yawa. Wanda kuwa ya hau saman ruwa yana haɗiyar iska, fitila ba za ta gyara shi ba, a duba zafin ruwa da famfon iska, a gwada amoniya, a canza sashen ruwan a ranar.